EM1, kan jirgin lantarkin da aka ƙera wa hanya ɗaya tak

Duk wanda ya duba taswirar Ingila zai ga Manchester a yamma, Sheffield a gabas, tsakaninsu mil 40 ne da 'yan kai, amma a tsakiya akwai tsaunukan Pennine da suka raba arewacin ƙasar gida biyu. A gabas, wato kudancin Yorkshire, nan ramukan haƙar kwal suke, a yamma kuma, wajen Lancashire, nan masaƙu da masana'antu da tashoshin wuta suke, kowa na neman kwal ido rufe. To kwal ɗin nan dole sai ya haye dutse kafin ya kai ga masu saye, kuma babbar hanyarsa ita ce layin dogon da ake kira Woodhead. Saboda wannan layin kaɗai aka ƙera kan jirgin da ake kira EM1, wanda daga baya aka koma ce masa Class 76. Guda 58 aka yi, sun yi wajen shekara 30 suna jan kaya ba su ba da kunya ba, amma a watan Yulin 1981 aka rufe layin, aka ajiye duk waɗanda suka rage lokaci guda, kusan dukkansu kuma aka yayyanka aka sayar wa 'yan tsohon ƙarfe. Da yawa in ana wannan hirar sai su ce ai fasaharsa ce ta tsufa, shi ke nan. Ni dai ban gamsu da wannan amsar ba, kuma zan faɗi dalili.

Sai mutum ya san wahalar da ake sha a da kafin ya gane me ya sa aka kashe kuɗi haka. Layin yana hawa ne daga kowane ɓangare har ya kai kusan ƙafa 1,000 a sama, a ƙololuwar kuma sai ya shige cikin dutse ta wasu ramuka biyu, kowanne tsawon mil 3, na farko an buɗe shi a 1845, na biyu a 1852. Matsattsu ne ƙwarai, kowanne layi ɗaya yake ɗauka, jirgi na shiga ya toshe shi. Yanzu ka ɗauka kai ne direba ko mai zuba kwal a wuta, wajen zamanka a buɗe yake ta gefe da baya, kana jan doguwar jerin tarago, ramin kuma hawa ne in ka nufi gabas, inji na ta huci iya ƙarfinsa amma gudun bai taka kara ya karya ba, hayaƙi da tururi ba su da mafita sai dai su dawo kanka, ga na jirgin da ya wuce gabanka bai gama washewa ba. Ma'aikata kan rufe hanci da baki da jiƙaƙƙen tsumma, su duƙa ƙasa-ƙasa inda iskar ta ɗan fi dama-dama. Hayaƙin nan har bangon ramin yake ci, danshi kuma ya sa ƙafafun jirgi su riƙa santsi a kan diga.

Akwai kuma wani reshe da ya fi wannan muni, wanda ya taso daga babban filin haɗa taragun kwal na Wath ya hau ya sami babban layi a kusa da Penistone. A nan ne hawan Worsborough yake, inda duk taku 40 da jirgi ya yi gaba ya hau taku 1, wanda a harkar jirgin ƙasa mai kaya wannan tsauni ne sosai. A 1925 sai da aka kawo wani ƙaton kan jirgi irin wanda ake kira Garratt daga kamfanin Beyer Peacock na unguwar Gorton a Manchester, aikinsa kawai ya tsaya a gindin hawan ya riƙa tura jirage ta baya, in ya kai su sama ya sauko ya jira na gaba. Wannan kamfanin ne dai ya ƙera wa jirgin ƙasan Najeriya irin waɗannan Garratt ɗin a zamanin Turawa. Saukowa ma wata fitina ce, domin yawancin taragun kwal na Ingila a lokacin ba su da birkin da direba zai kama daga gaba, sai an tsaya a saman gangare ma'aikata sun bi tarago ɗaya-ɗaya suna danna birkin hannu, a ƙasa kuma a sake tsayawa a sassauta.

A 1936 kamfanin LNER mai layin ya sanar da cewa zai sa masa lantarki, da wayar sama mai bolt 1,500 na wutar DC, wato mai tafiya gefe ɗaya irin ta batiri. Wannan zaɓin a lokacin babu wanda zai ce kuskure ne. Shi ne ma'aunin da kwamitocin gwamnati suka ba da shawara a bi a manyan layuka, shi Holan ke amfani da shi, shi ne a kudancin Faransa, kuma a Ingilar ma an taɓa jan kwal da shi tun 1915 a layin Shildon. Aka fara kafa turakun ƙarfe, babban injiniyan kamfanin, Sir Nigel Gresley, mutumin da ya zana kan jirgin Mallard da ya kafa tarihin gudu na jiragen hayaƙi a 1938, ya sa aka ƙera gwaji guda ɗaya a masana'antar Doncaster, kayan wutarsa kuma daga kamfanin Metropolitan-Vickers. Kafin a gama shi, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, aikin layi ya tsaya cak. Kan jirgin ya fito a 1941 da lamba 6701, shekarar da Gresley ya rasu, kuma babu hanyar da zai bi. Aka ɗan gwada shi a wani gajeren layin fasinja tsakanin Manchester da Altrincham mai irin wutarsa, sai aka mayar da shi aka kulle.

Yadda aka tsara shi ya nuna me ake nufi da shi. Akwati ne kawai mai wajen direba a kowane kai, a rufinsa akwai hannuwan ƙarfe biyu masu miƙewa su shafi waya, a ƙasa kuma aksul huɗu, wato sandunan ƙarfen da ke riƙe ƙafafu bibbiyu, a cikin firam biyu, kowane aksul da nasa injin lantarki, jimillar ƙarfin doki 1,868, nauyi wajen tan 88 kuma duk a kan ƙafafun da ke ja. Ƙugiyar jan tarago ba a jikin akwatin aka ɗaura ta ba, a jikin firam ɗin ƙafafu take, an kuma haɗa firam biyun da juna ta tsakiya, saboda haka duk fizgar kaya a ƙasa take wucewa, gangar jikin zaune kawai take a sama. Metropolitan-Vickers sun riga sun yi irin wannan tsarin a kawunan jirgin da suka yi wa Afirka ta Kudu tun shekarun 1920. Ga jan kaya mai nauyi a hankali a kan tsauni ba shi da na biyu, ga gudu kuma akwai magana.

Holan ce ta fito da maganar fili. Bayan yaƙi jirgin ƙasan Holan ya zama abin tausayi, sojan mamaya na Jamus sun kwashe abin da za su kwasa sun lalata saura, ƙasar na neman kan jirgi ko ta halin ƙaƙa, su kuma Ingilishi suna da guda ɗaya a kulle da suke son su ga yadda zai yi a aikin gaske. A 1947 aka ba su aro, ya zauna can har 1952 yana jan kaya da fasinja kullum. Direbobin Holan suka sa masa suna Tommy, laƙabin da ake yi wa sojan Birtaniya, saboda tunawa da waɗanda suka taimaka wajen 'yanto su, da ya dawo gida kuma aka tabbatar masa da sunan a hukumance har da allo a jikinsa. Wannan zaman na shekara biyar ya yi amfani fiye da duk wani gwajin da za a yi a masana'anta, domin a can aka ga in ya ɗauki gudu yana jijjiga da girgiza har ya gajiyar da direba, aka ga wajen zaman direban ya yi ƙanƙanta kuma ba a gani sosai. Da aka zo ƙera sauran 57 ɗin a masana'antar jiragen ƙasa ta Gorton tsakanin 1950 da 1953, lokacin gwamnati ta riga ta karɓe dukkan layukan dogo tun farkon 1948, sai aka faɗaɗa wajen direba aka ƙara tagogi aka taɓa ƙafafun. Girgizar ba ta tafi gaba ɗaya ba, gudunsa dai aka tsayar a mil 65 cikin awa, wanda ya ishi kwal har ya yi yawa.

Abin da ya fi burge ni a jikinsa shi ne birki. Injin lantarki in ka ba shi wuta zai juya ƙafa, in kuma ƙafar ce ke juya shi sai ya koma janareto. To in EM1 ya kama gangare da taragun kwal a bayansa suna turo shi, direba zai mayar da injinan nan huɗu su zama janareto, nauyin kayan ya riƙa juya su, su kuma suna riƙe jirgin kada ya kwace, wutar da suka samar ta bi ta hannuwan rufi ta koma cikin wayar sama, jirgin da ke hawowa ta ɗaya layin ya sha ta. Wato kwal ɗin da ke sauka Manchester shi ke taimakawa wajen jawo taragun da ke komawa Yorkshire fayau. In babu mai hawowa a lokacin, akwai na'urori a ƙananan tashoshin wuta da ke ƙone rarar ta zama zafi. Wannan birkin ba ya aiki in gudu ya yi ƙasa sosai, shi ya sa daga baya aka ƙara masa wani birkin lantarkin na tafiyar hankali. Amma a layin da rabinsa hawa ne rabinsa gangare, da taragun da ba su da birkin kirki, wannan ya canza aikin gaba ɗaya, ya rage tsaye-tsaye, ya rage cin takalmin birki, ya rage fargabar direba.

Ramukan nan biyu kuwa da aka duba su bayan yaƙi sai aka ga sun lalace har ba za su gyaru a rataya waya a ciki ba, dole aka haƙa sabo mai ɗaukar layi biyu, aka fara a 1949. Reshen Wath ya fara aiki da lantarki a 1952, sabon ramin kuma ministan sufuri Alan Lennox-Boyd ya buɗe shi ranar 3 ga Yunin 1954. Masu bin tarihin siyasar Najeriya sun san sunan nan, domin 'yan makonni bayan haka ya zama sakataren ƙasashen da Ingila ke mulka, shi ya shugabanci tarukan tsarin mulki na Landan a 1957 da 1958 da su Sardauna da Awolowo da Azikiwe suka halarta. Kafin ƙarshen 1954 jiragen fasinja na lantarki sun fara zirga-zirga tsakanin biranen biyu cikin ƙasa da awa ɗaya, aka ƙera musu wasu manyan kawuna guda 7 masu aksul shida da ake kira EM2, masu gudun mil 90. Shi ne babban layi na farko a Birtaniya da aka mayar da komai nasa, kaya da fasinja, kan wayar sama, kuma kowa na ganin daga nan za a ci gaba da miƙa waya kudu da arewa.

Ba a yi shekara biyu ba aka juya masa baya. A 1956 hukumar sufuri ta Birtaniya ta yanke cewa daga yanzu manyan layukan da za a sa wa wayar sama za su koma bolt 25,000 na wutar AC, wato mai kai da komo irin wadda ake rabawa gidaje. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Ƙarfin wuta shi ne bolt sau amfiya, EM1 in yana ja da dukkan ƙarfinsa yana buƙatar wajen kilowat 1,400, a kan bolt 1,500 wannan ya haura amfiya 900, a kan bolt 25,000 kuwa bai kai 60 ba. Masu haɗa sola sun san wannan a hannunsu, batirin bolt 12 in za ka ja wuta mai yawa sai ka nemo waya mai kaurin yatsa kuma ta riƙa zafi, in ka koma 48 sai wayar ta sirance asarar ta ragu. Haka layin DC yake, waya mai kauri ta tagulla, turaku masu nauyi da za su ɗauke ta, ƙananan tashoshin wuta kusa-kusa kowace da taransfoma da na'urar juya AC zuwa DC. A da an haƙura da wannan ne saboda injin da ke juya ƙafa DC yake so, na'urar juya wutar kuma ta yi girman da ba za ta shiga cikin kan jirgi ba. Faransawa ne bayan yaƙi suka ɗauki gwajin da Jamusawa suka fara a layin Höllental, suka ci gaba da shi a yankin Savoie a farkon shekarun 1950, sannan suka sa shi a layin kwal da tama na Valenciennes zuwa Thionville, suka nuna wa duniya cewa kan jirgi zai iya ɗaukar taransfomarsa da na'urarsa a cikinsa. Ka ga kenan shekarun da yaƙi ya cinye su suka yi ɓarnar, tsarin 1936 ne aka buɗe a 1954, daidai lokacin da wanda zai gaje shi ya riga ya iso.

Amma a nan ne nake rabuwa da masu cewa tsufan fasaha ne ya kashe shi. Abin da hukuncin 1956 ya yi wa Woodhead shi ne ya bar shi shi kaɗai. Ba a ƙara miƙa wayarsa zuwa wani gari ba, sauran layukan bolt 1,500 da ke wajen Landan da na Altrincham aka bi su aka mayar AC, ya zama duk jirgin da zai bi ta nan sai wani kan ya kawo shi Wath ko wajen Sheffield, a cire a sa EM1, ya yi mil 40 ko ƙasa da haka, a sake cirewa a wajen Manchester a sa wani ya ƙarasa. A zamanin hayaƙi wannan canje-canjen ba komai ba ne, dama ana yi. Da kan jirgi mai dizal ya zo, wanda zai ɗauko kaya daga bakin rami ya kai har inda za a sauke ba tare da an kwance shi ba, sai kowane canji ya zama asarar lokaci da albashin ma'aikata biyu.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da ya sami EM2. An ajiye su a 1968 suna da shekara 14 kacal, a 1969 Holan ta saye dukka 7 ɗin, ta farke ɗaya don kayan gyara, sauran 6 suka yi ta jan jiragen fasinja masu sauri a can har 1986, wato sun fi daɗewa suna aiki a ƙasar baƙi fiye da gida. Kuma Holan har gobe yawancin layukanta bolt 1,500 ne na DC, haka wani babban ɓangare na Faransa da Japan, jirage na ta kai da komo. Bambancin kawai su sun shimfiɗa shi ko'ina, kan jirgi zai tashi daga wannan iyaka ya kai waccan a ƙarƙashin waya iri ɗaya.

A layin Woodhead kuwa fasinja aka fara cirewa, a watan Janairun 1970. Akwai wani layin tsakanin biranen biyu ta kwarin Hope, ya fi jinkiri kuma ba shi da lantarki, amma yana ratsa ƙauyukan da rufe shi zai bar su a wahala, yana kuma shiga tashar Sheffield da ke haɗe da sauran ƙasa, shi kuwa Woodhead samansa fili ne na tumaki ba mutane. Aka ce za a bar shi ya ji da kaya. Tommy ma a shekarar aka ajiye shi, daga baya aka yanka shi, abin da har yau yake ba ni takaici, don in akwai wanda ya cancanci gidan tarihi a cikinsu to shi ne. Sauran kuma suka shiga aiki mafi nauyi a rayuwarsu, jan manyan taragun kwal na zamani zuwa tashar wutar Fiddlers Ferry, aka sa wa wasunsu birkin iska da wayoyin da direba ɗaya zai sarrafa kai biyu. A hawan Worsborough sai ka ga guda huɗu a kan jirgi ɗaya, biyu a gaba biyu a baya, injinan da aka zana kafin yaƙi suna tura kayan da masu zanen ba su taɓa tunani ba.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kayan wutar layin sun kai lokacin sabuntawa, kawunan jirgin sun tsufa, masana'antun ƙarfe na Sheffield suna durƙushewa, kwal ɗin da ke hayewa yamma yana raguwa. Hukumar jiragen ƙasa ta ce ga kuɗin gyara ko mayarwa AC mai yawa, ga wasu layuka da ke ƙetare tsaunukan suna da sarari, don haka babu dalilin riƙe shi. Ƙungiyoyin ma'aikata da ƙananan hukumomin yankin suka ce ramin nan shi ne mafi sabo kuma mafi faɗi a cikinsu, turakun suna nan a tsaye, mayar da shi AC ya fi sauƙi a kan fara wani daga tushe. In aka duba littafin kuɗi na shekarar kaɗai, hukumar ba ta yi ƙarya ba, kuma abin da ya sami ramukan kwal na Yorkshire bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 ya nuna kayan da layin ke rayuwa a kai dama tafiya za su yi. Sai dai ni ina tare da ma'aikatan, saboda rami mai layi biyu a cikin dutse abu ne da ake haƙawa don shekara ɗari, wannan kuwa shekara 27 kacal ya yi yana ɗaukar jirgi, kuma buƙatar haye tsaunukan ba ta tafi tare da kwal ba. Titin mota da ke bi ta saman Woodhead cike yake da manyan motoci, dusar ƙanƙara na rufe shi a lokacin sanyi, layin kwarin Hope kuma har yanzu ba a sa masa waya ba, biranen biyu na nan suna kukan rashin hanya mai kyau a tsakaninsu.

Guntun layin daga Manchester zuwa Glossop da Hadfield ya tsira saboda masu zuwa aiki, a ƙarshen 1984 aka mayar da shi bolt 25,000 a kan yawancin tsofaffin turakun, abin da ma'aikatan suka ce za a iya yi wa dukkan layin. Sashen da ya haye tsaunukan kuwa an ɗebe digarsa a tsakiyar shekarun 1980, wani sashe ya zama hanyar masu keke da masu yawo a ƙafa. EM1 guda ɗaya ne ya rage cikakke, mai lamba 26020, wanda aka baje kolinsa a bikin Birtaniya na 1951, yana gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Ramin 1954 kuwa kamfanin da ke kula da manyan wayoyin wutar ƙasar ne ya karɓe shi, daga 2008 ya fara shimfiɗa wayoyin bolt 400,000 a cikinsa a madadin waɗanda suka tsufa a tsohon ramin, wanda hakan ya sa duk mai son dawo da jirgi ta nan sai ya fara nemo wa wayoyin wata hanyar tukuna.